Gwazarma a Ƙarƙashin Ciyawar Mama

A garinmu, nan gindin dutsen Kagoro, tsakar gida ƙasa ce tsirara. Mace takan tashi da sassafe ta share ta har sai sawun tsintsiya ya fito, kuma in aka ga ko da tsiro ɗaya a bakin ɗaki, to da matar gidan za a yi hira a hanyar rafi. Gidan da ciyawa ta fito a cikinsa, ko dai masu shi sun mutu ne ko kuwa sun yi ƙaura. Mu kuwa a namu gidan da gangan aka shuka ta, kuma mahaifiyata ce ta yi wannan aika-aikar.

Tun tana budurwa take wanki da guga a gidan wata baturiyar mishan. A can ta ga ciyawar, gajera, mai laushi, a kwance luf kamar bargo. Da baturiyar ta tashi komawa ƙasarsu, kowane ma'aikaci ya samu rabonsa, wani kujera, wani tukunya. Mama kuwa cewa ta yi a bar ta ta yanki ciyawa. Ta cika daron wanki da ita, ta ɗauko a ka, ta zo ta dasa a gaban ɗakinsu, lokacin ita da Baba suna sabon aure. Mata suka yi ta dariya, suna cewa kowa yana nome ciyawa, ita tana shukawa. Ba ta kula su ba. Da rani ruwan ɗauraya take ba ta, da damina ta durƙusa ta rage mata tsawo da wani tsohon almakashi. A kanta take shanya fararen kayanmu na zuwa sujada a coci. An yarda mu kwanta a kai, amma duk wanda ya kuskura ya buga ƙwallo a wurin, ranar kunnensa zai gaya masa.

Da Mama ta rasu, a bayan coci aka binne ta, aka shafe kabarin da siminti. Baba bai cika zuwa can ba. Abin da yake yi shi ne, kullum da safe ya fito da kujerarsa ya ajiye a bakin ciyawar, ya sha kununsa a nan. Shi ya gaji almakashin, duk da gwiwoyinsa sun daina jin magana. Mu 'ya'yansa duk mun watse, kowa yana garin da yake neman abinci. Ciyawar nan kaɗai ce abin da hannun Mama ya taɓa da ya rage yana numfashi a gidan.

Sai na ɗan yi bayanin Hausar Baba, don kada a ɗauka ni ce ban iya rubutu ba. Irin ta dattawanmu ce, wadda aka koya a kasuwa da coci bayan yaren gida. Ba ruwanta da mace ko namiji. A bakin Baba akuya "ya haihu", Mama "ya tafi kasuwa", ciyawa "ya yi kyau". Ni da na yi karatu a Zariya na dawo da iyayi, na sha gyara masa, shi kuma ya ce mini, "Malama, kin gane ko ba ki gane ba?" Malama yake kirana don tsokana, saboda darasin noma nake koyarwa a wata sakandare a Sabon Tasha.

Wata damina, ana gab da ba mu dogon hutu, ya kira ni a waya. Ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba.

"Malama, ki zo gida. Ciyawan Mamanki yana mutuwa."

Na ce, "Haba Baba, da wannan ruwan da ake tafkawa? Ko dai akuya ce ta shiga?"

"Ba akuya ba ne. Ki zo ki gani da idonki."

Da na iso, na zarce wajen ciyawar. Wuri-wuri ta yi ja ta bushe, kamar kan yaro mai makero. Na durƙusa na kama wani gefe na ɗan ja, sai kawai ta taso mini gaba ɗaya kamar tabarma, babu saiwa ko ɗaya da ta riƙe ƙasa. A ƙarƙashi kuwa ga su nan birjik, farare, masu ƙiba, da jan kai, kowace ta naɗe jikinta. Gwazarma ce, tsutsar nan da buzuzu yake haifarwa a cikin ƙasa. Ita ba ta taɓa ganye, saiwa take ci daga ƙasa, shi ya sa ba a ganin ɓarnarta sai ta riga ta yi nisa. Na yarfe hannu.

Baba ya sunkuyo da sandarsa ya ce, "Ni a juji na san wannan abu. Me ya kawo shi nan?"

Na dubi ƙasar, na ga ɓurɓushin kashin shanu. Ashe Baba ne ya riƙa roƙo wajen makiyaya yana barbaɗawa, wai don ta ƙara kyau. Zuciyata ta ba ni cewa wannan takin ne ya gayyato buzuzu. Na ce masa ban sani ba, kuma har yau ban yi da-na-sanin faɗin haka ba.

Washegari na hau mashin zuwa kasuwar Kafanchan, wajen wani Alhaji mai shagon taki da magungunan gona. Tun kakansa suke kasuwar nan, kuma a wajensa Baba yake sayen takin citta lokacin da yake da ƙarfin noma. Muka gaisa, ya tambayi jikin dattijo. Na ce magani nake nema saboda ciyawa. Kafin in rufe baki ya miƙa hannu ya sauko mini da galan ɗin maganin kashe ciyawa.

"Wannan, Malama, in kika fesa da safe, kafin mako ko tsinke ba za ki gani ba."

Na ce, "Alhaji, rufa mini asiri! Raya ta nake so in yi, ba kashewa ba."

Ya yi dariya har da buga kanta. Wai shi tunda yake bai taɓa ganin wanda ya zo nema wa ciyawa lafiya ba. Da na ba shi labarin Mama da daron wankinta, sai dariyar ta ɗauke. Ya gyara hula, ya ce Allah ya ƙara mana haƙuri. Sannan ya gaya mini gaskiya, shi bai san wanda zai yi ba. Ya ɗauko wani na ruwa a kwalba wanda masu tumatir suke fesawa, da wani mai tsaba-tsaba kamar taki wanda ake barbaɗawa a ƙasa. Na biyun kaɗan ya rage masa a gindin buhu.

Ya ce, "Gwada ki gani. In kin gano mai aiki, ki dawo ki gaya mini, ni ma in ƙaru."

Ban yarda in zuba ko wanne a kan ciyawar duka ba. In ya zama mai ƙona ta ne fa? Sai na yi yadda nake koya wa ɗalibaina. Na sassaƙa turaku, na ɗaure igiya, na raba wurin gida huɗu. Ɗaya na maganin ruwa, ɗaya na mai tsaba, ɗaya na ruwan 'ya'yan dogonyaro da na daka na jiƙa da kaina. Na huɗun kuwa ba za a sa masa komai ba. Baba yana zaune yana kallona har na gama ɗauri, sai ya nuna na huɗun da sanda.

"Wannan kuma laifin me ya yi?"

Na ce, "Bai yi laifi ba, Baba. Dole a bar ɗaya haka nan. In ba haka ba, yaya za mu san magani ne ya yi aiki, ba tsutsar ce ta gaji don kanta ba?"

"Wato za ki bar shi ya mutu domin ki sani."

Raina ya ɓaci, don ni ma abin yana cina. Na ce masa in ya fi ni sanin aikin, ga famfon feshi nan, ya tashi ya goya. Ni dama bakina ba ya da linzami, kowa a gidanmu ya san haka. Baba ya dai kawar da kai. Daga baya na je na matsar da igiyar, na rage wa na huɗun faɗi har ya koma ɗan lungu a jikin katanga. Ya gani, da yamma kuma ya aiko mini da gasasshiyar masara.

Na kulle kaji a akurki don kada su tsinci gawar tsutsa su bi ta. Na ɗaure hanci da ɗankwali, na fesa na fesawa, na barbaɗa na barbaɗawa, na bi kowanne da ruwa don ya sauka inda saiwa take. Warin ya cika gidan har tuwon acca ma sai da ya ƙi ciwuwa. Daga nan kuma sai jira. Kai, jira bai yi ba! Hadari ya taso daga kan dutse, ya zuba, ya wuce, gobe ma haka. Baba ya ƙi zaman ɗaki. Ko ana yayyafi yana nan a kujerarsa da tsohuwar rigar ruwa, ya zuba wa igiyoyin nan ido. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ya ce shi ba gishiri ba ne.

Da lokaci ya yi, na ɗauki adda na yanka ɗan murabba'i a kowane kashi na ɗaga. A ɗan lungun da ba a sa wa komai ba, abin ba ya kallo, sun ƙara ƙiba, ciyawar ta zama tattaka. A wajen dogonyaro sun ɗan ragu, amma waɗanda suka rage suna motsinsu lafiya lau. Maganin ruwa kuwa ganyen ya babbake, tsutsar ta nutsa ƙasa ta bar shi a sama. Sai da na zo kan mai tsaba. Na ɗaga na ji ta ɗan riƙe, ba ta taso da sauƙi ba. Na leƙa. Gwazarmar ta yi baƙi ta saki jiki, kuma ga waɗansu 'yan saiwoyi sababbi, farare, sirara kamar zare, sun soma kama ƙasa.

Na ƙwala wa Baba kira, alhali yana bayana. Ya dafa kafaɗata ya durƙusa da ƙyar, ya sa yatsa ya taɓa saiwar a hankali.

Ya ce, "Ya kama."

Rabona da in ga haƙoransa tun kafin rasuwar Mama. Nan take na kira Alhaji na ce mai tsaba ne, ya samo mini isasshe. Ya ce zai sa a taho da shi daga Kaduna. Lissafina shi ne in barbaɗa wa sauran wurin, in ya so wannan kashin da ya rayu ya yaɗu ya rufe inda ya mutu, don ita irin ciyawar nan rarrafe take yi.

Kafin maganin ya iso, zazzaɓi ya kayar da Baba. Zaman yayyafin nan ne, ba wani abu ba. Ƙirjinsa ya riƙe, numfashi ya gagara, muka kwashe shi zuwa asibiti a Kafanchan, aka ba shi gado. Ni ce mai jinya. Na ja ƙofar gida na bar wa maƙwabciya kaji, ban sake komawa ba.

Ranar da Alhaji ya kira ya ce kaya sun iso, na ga Baba ya samu barci, sai na ce bari in yi maza in karɓo. A bayana ne matan zumunta na cocinmu suka zo dubiya. Mai jagorantarsu matar sabon fastonmu ce, wadda muke kira Mama Fasto. Ba su daɗe da zuwa daga wajen Kagarko ba, ba ta taɓa ganin mahaifiyata ba. Mace ce mai zafin nama da son taimako, irin wadda in ta ga aiki ba ta iya barci sai an yi shi. Daga baya ne na ji yadda aka yi. Bayan sun yi addu'a, ta tambaye shi ko akwai abin da yake damunsa. Baba, cikin zafin zazzaɓi, ya ce mata, "Ciyawan nan na gida ne ya dame ni. Kada a bar shi haka."

To, a garinmu in tsoho marar lafiya ya ce ciyawa ta dame shi, kada a bar ta haka, me kowa zai ji?

Ni ban san komai ba. Na dawo da ƙullin magani na tura ƙarƙashin gado, na ga kwanonin abinci, na ce Allah ya yi wa zumunta albarka. Baba ya soma samun sauƙi. Kullum sai ya leƙa ƙarƙashin gadon ya tabbatar ƙullin yana nan. Har ya ce in mun koma shi zai barbaɗa da hannunsa, ni in tsaya ina ba da umarni tunda abin da na iya ke nan.

Ranar da aka sallame mu muka ɗauki shatar mota, ƙullin yana kan cinyata. Tun daga bakin hanya muka jiyo waƙa da kiɗan tulu. Matan zumunta ne cikin ankonsu, sun zo tarbar Baba. Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi. Na riƙo hannunsa muka shiga.

Tsakar gidan ƙasa ce tsirara. Tun daga ƙofa har bakin ɗakin Baba babu tsiro ko ɗaya. Sun sa fartanya sun tone ta har saiwa, sun ɗebo jar marmara sun zuba, sun yi daɓe mai kyau, sun share, ga sawun tsintsiya nan reras. Turakuna an tara su a gefe an ɗaure. Igiyata an naɗe ta tsaf an rataye a ƙusa.

Ban san sanda na saki hannun Baba ba.

"Wa ya aike ku? Na ce wa ya aike ku!"

Kiɗan ya tsaya. Mama Fasto ta matso da murmushinta da bai gama gushewa ba, ta ce ai Baba ne da kansa ya ce ciyawar ta dame shi. Gayya suka yi, tun safe har la'asar, wasu ma gonakinsu suka bari. Na juya kan tsofaffin cikinsu, waɗanda suka san Mama, suka ci abinci a kan ciyawar nan. Na ce ita baƙuwa ce, ku fa? Ku ma ba ku sani ba? Wata ƙawar Mama ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yata, mun ga ya riga ya mutu ne, ga wari, ga tsutsa, ga sauro. Muka ce ba kyau a dawo da marar lafiya cikin wannan." Na tambaya ina suka kai ta. Suka ce rafi, saboda sun ji warin magani, suna tsoron kada aladu su ci.

Na bar su tsaye na ruga rafin da takalmin asibiti a ƙafata. An yi ruwa kwana da kwanaki, rafin ya cika ya kawo har bakin gonaki, jajawur da shi. Na bi gaɓa ina dube-dube, ina cusa hannu cikin laka kamar mahaukaciya. Ko ganye ɗaya ban samu ba. A nan na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Mama.

Da na dawo, na tarar Baba yana tsaye a tsakiyarsu, ya dogara da sanda, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da godiya kamar yadda ake yi wa 'yan gayya. "Sannunku da aiki. Kun sha wahala. Ubangiji ya sāka muku." Mama Fasto tana ta share hawaye da bakin zane, don zuwa lokacin an gaya mata. Ta zo za ta durƙusa masa, ya hana ta. Ya dube ni ya ce in kawo wa baƙi ruwa. Na kawo, amma haushi bai sake ni ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda zan kama. Da a ce da mugunta suka yi, da na san yadda zan yi da su. Suka yi gajeriyar addu'a, suka sulale ɗaya bayan ɗaya, suka bar kwanonin abinci a bakin ƙofa.

Na ce masa, "Baba, kada ka damu. Akwai irinta a Kaduna wajen masu sayar da furanni. Zan sayo, mu fasa daɓen nan mu sake dasawa. Ga magani ma muna da shi, yanzu mun san mai aiki."

Ya ce, "Wanda wa ya dasa?"

Gidan baturiyar ma an daɗe da shafe harabarsa da siminti, balle in ce zan koma tushe.

Ya ce in fito masa da kujerarsa. Na fito da ita, na tsaya ina rarraba ido, don yanzu babu bakin ciyawa, ko'ina ɗaya ne. Shi ya nuna mini wurin da sanda, daidai inda ƙafafun kujerar suka saba zama. Ya zauna. Ƙullin maganin yana nan a ƙasa inda na yar da shi. Maƙwabciya ta riga ta saki kaji, suna ta yawo a kan daɓen suna neman abin tsattsaga ba su samu ba. Ya daɗe yana kallon jar ƙasar nan, hadari yana haɗuwa a kan dutse.

Can ya ce, "Malama."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Yanzu kam ya tafi."

Duk tsawon rayuwata in ya yi irin wannan maganar nakan ce, wa ya tafi, Baba, mace ko namiji? Ranar ban tambaya ba. Na je na ɗauko masa bargo na rufa masa a kafaɗa, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa har aka soma yayyafi.